Kalmar da Shuɗi Yake Jira

Ranar Litinin da hantsi Rhiannon Vella, mai kula da gidan ajiyar karnuka, ta shigo da shi a bayan motar hukuma. Ina riƙe da tiyo ina wanke ɗakunan karnuka ta kira ni in zo in gani. Karen kiwo ne, ja, kunnuwa a tsaye, furfura ta fara zagaye masa baki. A bakin babbar hanya ta tsince shi, kilomita arba'in daga garinmu Kurrabin, yana zaune a gindin wani allo kamar wanda aka ce ya jira a nan. Babu abin wuya. Ta bi jikinsa da na'urarta, ba ta sami 'yar ƙwayar shaidar nan da ake cusa musu a ƙarƙashin fata ba.

"Wane suna za mu ba shi, Clarrie?"

"Ja ne. Ai sai Shuɗi."

A garinmu duk mai jan gashi, mutum ne ko kare, Shuɗi ake ce masa. Ta girgiza kai ta rubuta.

Ni ba ma'aikacin hukuma ba ne. Shekara arba'in da ɗaya na yi ina askin tumaki daga wannan rumfa zuwa waccan, har bayana ya ce ya gaji. Da na yi wata uku a zaune a gida, matata Beryl ta ce ko in nemi inda zan riƙa zuwa da safe, ko ita ta nema. Ta ce ta haƙura da zama da mutumin da ke cin abinci da malafa a kai, amma ba za ta yini tana kallon malafar ba. Haka na fara zuwa gidan ajiyar karnuka na ƙaramar hukuma, ɗaki takwas a bayan kasuwar tumaki.

Wanda ya riƙe wurin kafin Rhiannon ba ya wahalar da kansa. Kare ya kwana uku ba a zo nemansa ba, sai ya zagaya da shi bayan juji da bindiga. Ita kuwa da ta zo daga Melbourne shekara biyu da suka wuce, ta sa aka yi rumfa saboda rana, ta raba masu faɗa da masu tsoro, ta ce kowane kare sai ya taka ƙasa sau biyu a yini. Ta kuma ƙulla da wasu mata a birni da ke aiko mota duk Juma'a, su kwashi karnukan da ba su da mai su, su nema musu gidaje. Sharaɗinsu ɗaya ne: ba sa ɗaukar karen da ba ya cin abinci, don tafiyar awa tara ce cikin zafi. Wanda motar ta bari kuma yana wahala, likitar dabbobi ce ke yanke masa hukunci, ita ma Juma'a take zuwa. Abin da kawai na kasa koya wa yarinyar nan shi ne ta rufe kanta. Haka take yawo kai a buɗe, hanci duk ya saɓule.

Shuɗi bai ci komai ba ranar Litinin. Ba mu damu ba, sabon zuwa yakan yi haka. Ranar Talata Rhiannon ta ba shi na gwangwani, ta ba shi ɗanyen naman kangaru, dabbar dajinmu mai tsalle, ta dafa masa kaza da shinkafa a 'yar tukunyarta ta ofis. Ruwa yana sha. Abinci ko taɓawa. Ta kira shi bai waiwayo ba, ta ce ya zauna bai zauna ba. Ta ce ko kurma ne, sai na yar da murfin bokiti a bayansa, ya zabura.

Ranar Laraba ƙasusuwan haƙarƙarinsa suka fara ƙirguwa daga nesa. Ta buga wa Dokta Prue, likitar dabbobin, waya, ina jin su. Likitar ta ce a gwada ɗura masa da sirinji. Muka gwada, ya datse haƙora, bai yi gurnani ba, bai kai cizo ba, ya dai bar abin yana zuba ta gefen baki.

"Ta ce in har Juma'a bai ci ba, ci gaba da riƙe shi zalunci ne," in ji Rhiannon da ta ajiye wayar. "Wasu karnukan in sun rasa mai su, sai su yanke shawarar bin sa. Ta sha gani."

Na ɗauko bokiti na kife a ƙofar ɗakinsa na zauna ina kallonsa. Na ga karnukan da suka fid da rai, suna juya wa kwano baya ne su fuskanci bango. Wannan yana zaune daf da kwanon, miyau na zuba har ƙirji. Ya kalli naman, ya ɗaga kai ya kalli fuskata, ya koma kan naman, ya sake kallona.

"'Yata, zo ki gani. Karen nan yunwa yake ji kamar ya mutu. Izini yake jira."

"Izinin wa?"

"Na mai shi. A gonakin can ana zuba nama mai guba saboda yanyawa da karnukan daji. Karen kiwo ya tsinci yanka ɗaya, shi ke nan. Shi ya sa wasu tsofaffin ke horar da nasu tun yana ɗan kwikwiyo, ba ya sa baki a komai sai an faɗa masa wata kalma."

"Wace kalma?"

"Kowa da tasa. In kowa ya san ta, ina amfaninta?"

Ta dube ni irin kallon da 'yan birni ke yi mana in mun ce za a yi ruwa saboda tururuwa sun hau danga. Amma ta durƙusa ta ce masa ci. Ta ce ɗauka. Ta ce naka ne. Ya kalle ta da ladabi, ya haɗiye miyau.

Da yamma na biya mashaya na sami Merv Tolhurst, dillalin tumaki, wanda muka yi firamare tare kuma aka kore mu a shekara ɗaya. Na ba shi labari.

"Wato kai da ka kasa sa matarka ta yi abin da ka ce shekara hamsin, yanzu kare za ka yi wa umarni?"

"Bakinka nake so, Merv, ba hankalinka ba. Ka gaya wa duk wanda ya taɓa riƙe karen kiwo ya zo gobe da kalmarsa."

In kana son magana ta zagaye Kurrabin kafin rana ta faɗi, Merv za ka gaya wa, ka ce masa sirri ne.

Ranar Alhamis da na iso ƙarfe takwas, motoci sun kai goma sha biyar a ƙofar gidan karnuka. Tsofaffin makiyaya ne akasari, kowa da malafarsa ta fita kasuwa, sun jeru kamar ranar zaɓe. Rhiannon ta tsaya da takarda tana rubuta duk kalmar da aka gwada, ta ce mutum ɗaya-ɗaya, kada a firgita shi.

Na farko ya ce, "Shiga." Na biyu ya ce, "An tashi aiki." Wani ya ce nasa kare da "albashi" yake ci. Wani tsoho da ya yi tafiyar awa biyu ya sunkuya ya raɗa wata kalma a hankali, da Rhiannon ta ce ya maimaita don ta rubuta, sai ya ce ba a faɗarta a gaban mata. Limamin coci ya zo ya yi addu'ar cin abinci tun daga farko har amin, layi duka ya amsa amin, Shuɗi ya kaɗa wutsiya sau ɗaya don kada ya kunyata shi. Matar da ke da shagon shayi ta gwada da Italiyanci, har da hannu. An kira sunan ƙungiyoyin ƙwallo, an kira sunan giya iri huɗu.

Merv ya gyara wando ya matso ya ce da ƙarfi, "Beryl na zuwa."

"Me ke nan?" in ji Rhiannon.

"Da wannan Clarrie ke cinye abincinsa har ya suɗe kwano."

Aka yi dariya har da limami. Sai wani ya ce watakila ba kalma ba ce, fito ne. Nan fa wuri ya kaure, kowa na busa irin nasa, sauran karnuka bakwai suna amsawa. Merv ya ce in gwada nawa, ai a da ana jin fitona daga ƙetaren kogi. Na manta cewa a da ɗin da haƙorana na haihuwa nake yi. Na sa yatsu biyu a baki na busa, haƙorana na roba na sama suka yi tsalle suka faɗa cikin kwanon Shuɗi, kan naman.

Ya kalli haƙoran, ya kalle ni.

"Ko su ma bai ci ba," in ji Merv, yana share hawaye. "Karen nan ya fi mu tarbiyya."

Da azahar kalmomin da ke takardar Rhiannon sun kai ɗari da sittin da uku. Mutane suka fara komawa motocinsu, dariyar ta ragu. Kowa in zai tafi sai ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ɗan taɓa bakin malafarsa, kamar yadda muke gaisuwa. Na lura duk wanda ya yi haka, Shuɗi yakan miƙe kunne ya ɗan motsa gaba, sai kuma ya koma. Na ɗauka gaisuwar yake amsawa.

Ranar Juma'a Beryl ta gasa haƙarƙarin rago biyu ta naɗe min a takarda. Ta ce in ma ba zai ci ba, ya tafi da ƙamshin abu mai kyau a hanci. Dokta Prue ta iso ƙarfe goma, motar birni kuma sha ɗaya za ta zo. Ranar kasuwa ce, ana jin kukan tumaki da muryar Merv ta bayan katanga yana kiran farashi.

Likitar ta duba shi tsaf, baki, ciki, zuciya. Ta ce ba ta ga ciwon komai ba, amma ƙafafunsa na baya sun fara rawa, kuma ba ta san kwana nawa ya yi a bakin hanya kafin a tsince shi ba. Rhiannon ta roƙi mako ɗaya. Dokta Prue ta ce, "Mako ɗaya na me, Rhiannon? Ki zauna kina kallonsa yana ƙarewa?" Ba mugunta ba ce, ni ma na san gaskiyarta. Suka shiga ofis su cike takarda, likitar ta ce in ba ta minti goma.

Na yayyanka naman rago na zuba masa, na kife bokitina na zauna. Ya taso da ƙyar ya zauna a gaban kwanon, ya kalli naman, ya kalle ni.

"Abokina, mun yi iya yinmu," na ce masa. "Duk wanda ya hore ka, ya iya aiki. Da ma bai iya sosai haka ba."

Mu nan ba ma cire malafa. Da ita muke shiga banki, da ita muke shiga mashaya, goshinmu fari fat daga inda ta tsaya. Wuri ɗaya na san ana cire ta ba a jira an ce ba, shi ne bakin kabari. Na ga karen nan ya cancanci haka. Na cire ta na ɗora a gwiwa, na sunkuyar da kai.

Sai na ji ƙarar kwano a kan siminti.

Ban motsa ba. Na ɗaga ido kawai. Kansa na cikin kwanon, yana ci ba ƙaƙƙautawa, wutsiya na bugun bango.

"Rhiannon," na ce a hankali. "Fito."

Suka fito tare, likitar da allura a hannu. Rhiannon ta dafe ƙofar.

"Me ka ce masa?"

"Ban ce komai ba."

"Ka ce wani abu, Clarrie. Tuna."

"Na ce mai shi ya iya aiki."

Ta ɗebo wani naman ta zuba, ta ce masa, "Ya iya aiki." Ni kuma a lokacin na riga na mayar da malafata, don ba na son mata su ga sanƙona. Shuɗi ya zauna ya kalli kwanon, ya kalle ni, bai ko dubi Rhiannon ba. Ta bi idonsa. Ta daɗe tana kallona, har na fara tunanin ko haƙoran sun sake zamewa.

"Cire malafarka."

"Don me?"

"Dattijo, cire."

Na cire na ɗora a gwiwa. Ya sa kai a kwano. Ta ce in mayar, na mayar, ya ɗago da nama a baki ya tsaya cak. Na sake cirewa, ya ci gaba.

Rhiannon ta zauna a ƙasa cikin ruwan wankin ɗaki tana dariya tana kuka. "Jiya maza talatin suka tsaya a nan, ba wanda ya cire ta ko don ya sosa kai."

"Ke kuma da ba ki da ita fa?" na ce. "Shekara biyu ina gaya miki."

Dokta Prue ta mayar da allurar cikin jaka ta rufe. Ta ce kaɗan-kaɗan za a ba shi, duk awa biyu, kada ya amayar. Ta ce shekara ashirin tana aikin nan, yau ne za ta fara rubuta malafa a matsayin magani.

Na leƙa ta katanga na kira Merv. Ya zo yana mita wai na tsayar masa da ciniki. Na nuna masa sau ɗaya. Sai na ga fuskarsa ta canza. Ya cire tasa malafar ya miƙa ta gefen dama, Shuɗi ya zagaya dama a cikin ɗan ɗakin. Ya miƙa ta hagu, ya zagayo hagu. Ya saukar da ita ƙasa, kare ya kwanta.

"Karen Alwyn Pascoe ne," in ji Merv. "Mai kafa shingen waya, can bayan tafkin gishiri. An yi masa aiki a maƙogwaro shekara goma da suka wuce, ba ya magana, ba ya fito. Na taɓa ganinsa ya shigar da tumaki ɗari huɗu cikin garke da malafa kawai. Kai, ni ma jaki ne."

"Wannan ba sabon labari ba ne," na ce.

Rhiannon ta shiga ofis ta hau waya. Kafin motar birni ta gama lodin karnuka huɗun da za ta tafi da su, Rhiannon ta gano Alwyn a babban asibitin yankinmu. Ranar Asabar jiri ya kama shi yana tuƙi, ya tsaya a gindin allon nan, ya fito ya faɗi ya karya ƙugu. Wani mai wucewa ya kira motar asibiti, kare kuwa ya ɓuya a cikin kwalbati, ba wanda ya gan shi. Da Alwyn ya farfaɗo, abin da ya fara rubutawa a takarda shi ne karena. An tura maƙwabcinsa gidansa har sau biyu, bai sami karen ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce shi ma tsohon tun ranar ba ya cin abin kirki.

Direbar motar birni ta tambaya ko za a sa jan karen. Rhiannon ta ce a'a, wannan yana da mai shi.

Ranar Lahadi muka tafi mu uku a motarta, ni da Rhiannon da Shuɗi, awa biyu da rabi. Ta sayi malafa a hanya, ta yi mata girma. Aka turo Alwyn a keken marasa lafiya zuwa inuwar wata bishiya a harabar asibitin, ɗan siririn tsoho, kai a buɗe, goshi fari kamar nawa. Shuɗi ya gan shi daga nesa, jikinsa duka yana rawa, amma bai ja igiya ba. Ya zauna yana jira. Alwyn ya laluba kansa, babu komai. Sai na cire tawa na miƙa masa. Ya sa ta, ya gyara mata zama, sannan ya cire ya buga ta a ƙirjinsa sau biyu.

Ban san tsohon kare mai kwana shida da yunwa zai iya irin wannan gudun ba.

Da suka natsu, Rhiannon ta ba shi takarda da biro ta tambayi sunan karen na gaskiya, don ta yi masa rajista ta sa masa ƙwayar shaida. Ya rubuta: Ba shi da suna. Da me zan kira shi? Ta ce mu Shuɗi muke ce masa. Ya kalli jan gashin, ya yi dariyarsa marar sauti, ya rubuta: Daidai. Aka kawo abincin rana, ya cinye tas, ya ba karen rabin burodinsa, da izini.

Likitoci sun ce sai ya yi wata uku kafin ya koma gida, don haka Shuɗi yana wurina. Rhiannon ta kafa ƙusa a bangon gidan karnuka ta rataya wata tsohuwar malafa da Merv ya bayar. Ta kuma kai wa hukuma takarda suka sa hannu: duk karen kiwon da ya ƙi abinci ko ya ƙi jin kira, ba a yanke masa hukunci sai an kira tsofaffin makiyaya sun gan shi. Tun daga nan mun gano wata karya da ba ta jin komai sai harshen Girkawa, da wani da ba ya ci sai an juya masa baya.

A gida kuwa, safe da yamma nakan zuba wa Shuɗi abinci a bakin ƙofar kicin, in zauna a kan matakala, in cire malafa in ɗora a gwiwa har ya gama. Ranar farko Beryl ta tsaya a bayana da ludayi a hannu tana kallo.

"Shekara hamsin da ɗaya ina roƙonka ka cire abin nan in za a ci abinci," ta ce. "Ashe wutsiya ce ba ni da ita."

Daga ranar ta mayar da lokacin abincinmu ya zama ɗaya da na karen.